Inuwar da ta fito gefen layin sodiyam: nazarin aikin wata ɗaliba a Sakkwato

Aikin kammala karatu ne na wata ɗalibar fiziks a wata babbar makaranta a Sakkwato, ni kuwa ina cikin waɗanda suka duba shi. Abin da aka ɗora mata ba shi da yawa: ta haɗa na'urar tarwatsa haske da kayan da ake samu a kasuwa, ta ɗauki hoton bakan hasken rana, wato hasken da aka baje launi-launi kamar bakan gizo, ta gane baƙaƙen layukan da ke cikinsa, ta faɗi sinadarin da ya haifar da kowanne. Ta yi ɗaukar farko a watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa. Daga nan jarabawa da hutu suka shiga tsakani, ba ta sake waiwayar na'urar ba sai a watan Agusta, damina ta kankama. Da ta jera hotunan sai ta ga ba su zo ɗaya ba. A na Agusta akwai wata inuwa mai ɗan faɗi manne da layin sodiyam ta ɓangaren ja, daidai inda rawaya ke rikiɗa zuwa ruwan goro. A na Janairu wurin fes yake. Duka hotunan kuwa wajen ƙarfe biyar na yamma ta ɗauke su, bayan an tashi daga aji, a farfajiya ɗaya.

Ta kai wa malamin da ke kula da aikin. Ta ce, "Malam, wagga inuwa ba ta nan lokacin ɗari."

Ya ce, "Mi kinka canza?"

Ta ce, "Ban taɓa komi ba, Malam."

Tambayar da aikin ya koma kanta ke nan: a ina aka yi wannan inuwar? Cikin rana, cikin na'ura, ko a tsakaninsu?

Na'urar da abin da take nunawa

Kwali ne mai tsawo, an shafe cikinsa da baƙi. A gefe ɗaya an liƙa reza biyu baki da baki, an bar tsaga siririya a tsakaninsu. A ɗaya gefen akwai yankin faifan DVD da aka ɓare aka wanke, sai kyamarar waya a bayansa. Faifan DVD na da kurzunan zobe masu tazarar mikiromita 0.74 (mikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), wato kusan 1,350 a kowace milimita, kuma su ne ke karkata kowane launi ta nasa kusurwa har farin haske ya baje kamar bakan gizo. Ba ta taɓa auna na'urar kai tsaye ga rana ba. Farar takarda take shimfiɗawa a rana, na'urar ta kalli takardar. Wannan sharaɗi ne da aka gindaya mata tun farko saboda ido.

Don ta san wane wuri a hoto ya yi daidai da wane tsawon zango, wato ma'aunin da ke bambanta launi da launi, wanda ake aunawa da nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), ta yi amfani da ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen bututu, wanda zaibar da ke cikinsa ke ba da layi shuɗi a nanomita 435.8 da kore a 546.1. Ta kuma barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, ya ba da rawayar sodiyam, layuka biyu maƙwabta a 589.0 da 589.6. Kanwa ma da aka gwada wannan rawayar ta bayar, domin sodiyam ne jigonta. Na'urar tata tana iya raba layukan biyu da ƙyar idan tsagar ta matsu sosai, wanda ya nuna ƙarfin ganinta bai wuce rabin nanomita ba. A riƙe wannan adadi, zai yi amfani a gaba.

Asalin layukan sananne ne. Joseph Fraunhofer ya zana fiye da 500 daga cikinsu a 1814, ya sa wa manya daga cikinsu haruffa, shi ya sa har yau ake kiran na sodiyam layin D. Bai san me ke jawo su ba. Sai a 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a Heidelberg ta Jamus suka nuna cewa kowane sinadari yana da zangon da yake fitarwa idan ya yi zafi, kuma wannan zangon dai shi yake haɗiyewa idan haske mai ƙarfi ya ratsa ta cikinsa. Fuskar rana tana da zafin kusan digiri 5,500 a ma'aunin Selshiyas, tana fitar da kowane launi; iskar da ke samanta ta fi ta sanyi kaɗan, sai ƙwayoyin zarran da ke ciki su cinye nasu rabon. A hoton ɗalibar an ga haidirojin a 656.3 da 486.1, an ga tarin maganiziyam kusa da 517, an ga ƙarfe a 527, ga kuma sodiyam.

Abin da littafin aji kan ambata a layi ɗaya ya wuce shi ne, haɗiyar ba ta ƙarewa a rana. Hasken yakan yi tafiyar kilomita miliyan 150 cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu babu abin da ya taɓa shi, sannan ya faɗo cikin iskar duniyarmu, ita ma ta cire nata, sannan ya shiga na'ura, ita ma ta yi nata. Kamar motar albasa ce da ta tashi daga Aliero ta isa Legas da buhu ba cike ba: mai sauke kaya ba zai iya cewa a wurin lodi aka rage ko a hanya ba, sai ya bincika. Bakan haske ba ya zuwa da rubutun inda aka yi kowane layi.

Zargi na farko: wayar

Malamin ya fara da na'ura, kuma ina ganin ya yi daidai, domin wurin da inuwar ta fito wuri ne mai hatsari ga kyamarar waya. Idon kyamara yana da matatai iri uku, ja da kore da shuɗi. Tsakanin nanomita 580 da 600 ne matatar kore ke raunana, ta ja kuma ba ta gama ɗauka ba, don haka sau da yawa hoto kan nuna dushewa a wurin ko da hasken da ya shigo ba shi da wani giɓi. Ƙari a kan haka waya tana gyara hoto da kanta, tana ƙara haske, tana kaifafa gefuna, kuma manhajarta ta sabunta kanta tsakanin Janairu da Agusta. Cewar ɗalibar ba ta taɓa komai ba gaskiya ce, amma wayar ta taɓa kanta.

Gwajin mai sauƙi ne. Aka nemo tsohon ƙwan fitila mai zare, irin mai zafin nan da ya yi wuyar samu yanzu. Zaren da ya yi ja yana fitar da haske shimfiɗaɗɗe, babu layi ko ɗaya, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na'ura hannu biyu ce kawai. Duk giɓin da ya fito a hotonsa na kyamara ne. Aka kashe gyaran da wayar ke yi da kanta, aka ɗauka. An ga dushewar kyamara kuwa, amma lallausa ce, mai faɗi, ba ta da baki. Inuwar Agusta daban take: tana farawa da kaifi daga jikin layin D, ta yi ta raguwa zuwa wajen 600. Kuma da aka koma kan hotunan Janairu, dushewar kyamara tana nan a cikinsu, inuwar ce babu. Aka sake ɗaukar ƙwan zaiba, layukansa suna inda suke, wato kwalin bai karkace ba duk da laima. Aka aro wayar wani ɗalibi mai wani kamfani daban, inuwar ta fito a wuri ɗaya. Na'ura ta kuɓuta.

Zargi na biyu: ranar kanta

Wannan shi ne wanda ɗalibar ta so ya tabbata, kuma ba na ganin laifinta. Ta karanta cewa rana tana da zagaye na kusan shekara 11, ɗigon baƙi a fuskarta su yawaita su ragu, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka sun sanar cewa zagaye na 25 ya kai ƙololuwa. Ta ji labarin guguwar Mayun 2024 da ta sa aka ga jan haske a sararin ƙasashen da ba su saba gani ba. Me zai hana a ce ita ma ta kama wani sauyi?

Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ne ya fara kashe maganar. Ya ce, "Ɗiyata, rana ba ta san da daminarmu ba. In ta canza, ai ba Sakkwato ɗai za ta canza ma ba."

Maganarsa tana da hujja ta lissafi a bayanta. Gaba ɗayan hasken rana ba ya sauyawa da fiye da kashi ɗaya cikin dubu a tsawon zagayen. Layukan da ke motsawa da shi su ne irin na kalsiyam a 393 da 397, can ƙarshen shunayya, kuma sauyin ƙanƙane ne. Akwai manyan na'urori a ƙasashe da dama da a sararin samaniya da ba su da aiki sai kallon rana dare da rana; inuwar da kwali da waya za su gani ba za ta ɓuya musu ba. Sannan layukan maganiziyam da ƙarfe da haidirojin a hotunan ɗalibar zurfinsu ɗaya a Janairu da Agusta. Da wuya rana ta yi wani babban sauyi a wuri ɗaya ta bar sauran ba motsi.

Duk da haka waɗannan dalilai ne na cewa da wuya, ba gwaji ba ne. Akwai gwajin da zai yanke, wanda Alfred Cornu ya yi a Faransa a shekarun 1880. Rana tana juyawa, gefenta na gabas yana nufo mu da gudun kusan kilomita 2 a daƙiƙa, na yamma yana gudu daga gare mu. Da yake gudun abin da ke ba da haske yana ɗan sauya zangonsa, layin da aka yi a rana zai ɗan gusa idan aka koma daga wannan gefe zuwa wancan, na iskarmu kuwa zai tsaya cak. Sai dai gusawar a wajen 589 ba ta wuce nanomita 0.004 a kowane gefe ba, na'urar ɗalibar kuwa rabin nanomita take gani. Ta gaza da fiye da ninki hamsin. Dole aka nemi wata hanya.

Sanda da igiya

Hanyar da aka bi ta girmi ta Cornu. Tun a shekarun 1830 David Brewster na Sikotilan ya lura cewa wasu layukan suna ƙara duhu idan rana ta yi ƙasa, wasu kuma ko a jikinsu. Dalilin a bayyane yake: rana tana tsaka, haskenta yana ratsa kaurin iska ɗaya, ta sauko zuwa digiri 30 sama da ƙasa, ya ratsa ninki biyu, a digiri 10, fiye da ninki biyar da rabi, dab da faɗuwa, kusan ninki 38. Layin da aka yi a rana bai damu da wannan ba. Layin da iskarmu ta yi kuwa dole ya bi tsawon hanya.

Don auna wannan tsawo ba a bukatar na'ura. Aka kafa sanda a tsaye a fili, yadda masu duba lokacin salla ke yi. Idan aka ja igiya daga kan sandar zuwa ƙarshen inuwarta, aka auna igiyar da tsawon sandar, adadin da ya fito shi ne ninkin iskar da haske ya ratsa, muddin rana ba ta yi ƙasa ƙwarai ba. Igiya ta yi sanda biyu, hanya ninki biyu ke nan. Wannan dabara ta fi duk abin da ke cikin rahoton burge ni, domin ta raba ɗalibar da dogaro ga agogo.

Agogon kuwa ya so ya ruɗe ta. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. A tsakiyar Agusta rana tana bi ta kan kai tsaf, kamar yadda take yi a ƙarshen Afrilu. A Janairu kuwa ta kudu take ratsawa, ko da azahar ba ta wuce digiri 56 ko makamancin haka. Da ƙarfe biyar na yamma a tsakiyar Janairu tana wajen digiri 20, hanya kusan ninki uku. Da ƙarfe biyar a tsakiyar Agusta tana wajen 28, hanya ninki biyu da 'yan kai. Wato a Agusta hasken ya ratsa iska mafi ƙaranci, amma inuwar ta fi duhu. Idan iska ce, to ba yawanta ba ne, wani abu ne da ke cikinta.

A ranar da gari ya washe babu gajimare, ɗalibar ta bi rana tun daga azahar har dab da magariba, tana ɗauka tana auna igiya. Hotunan suka raba layukan gida uku. Maganiziyam da ƙarfe da shuɗin haidirojin ba su motsa ba daga farko har ƙarshe. Inuwar gefen D da azahar da ƙyar ake ganinta, da la'asar ta fito sosai, da la'asar sakaliya ta yi baƙi har ta so ta haɗiye layin D ɗin. Sai kuma wani layi a wajen 628, cikin ja, da wani a 687 a bakin inda kyamara ke daina gani, su ma suna ƙara duhu da saukar rana.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka warware lamarin. Na iskar oksijin ne, kuma oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska a hunturu da damina, a Sakkwato da ko'ina. Saboda haka ma'auni ne da aka samu kyauta a cikin hoton. Da aka ɗauko hoton Janairu aka haɗa shi da na Agusta mai tsawon hanya iri ɗaya, layin 628 ya zo daidai a duka biyun, inuwar gefen D kuwa tana Agusta kaɗai. Abin da ke bin tsawon hanya kuma yake bin lokacin shekara, a wannan zango, tururin ruwa ne. Jadawalin layuka ya tabbatar: daga wajen 588 zuwa 600 akwai ɗaruruwan siraran layukan tururin ruwa a cunkushe, wasu ma a tsakanin layukan D biyu suke. Ƙaramar na'ura ba ta iya raba su, sai ta nuna su inuwa guda.

Yanayin ƙasarmu ya dace da wannan bayani. A hunturu iskar arewa maso gabas ce ke busowa daga Sahara, busasshiya ƙarau. A damina iskar kudu maso yamma ce daga Tekun Atilantika. Idan aka matse dukan tururin da ke saman kan mutum ya zama ruwa, a wannan yanki na Sahel zurfinsa a tsakiyar rani yakan tsaya wajen santimita ɗaya ko ƙasa da haka, a Agusta kuwa ya kai huɗu zuwa biyar. Ba kowane gari ne a duniya ke da irin wannan tazara tsakanin watanni ba. Ɗalibin da ke bakin teku zai ga inuwar kullum har ya ɗauka ta rana ce.

Wani daga cikin masu duba aikin ya kawo maganar hazo: ko ƙurar hunturu ce ta rufe inuwar a Janairu? Tambaya ce mai kyau, amma ba ta tsaya ba. Ƙurar da ke zuwa mana, wadda babban kasonta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ƙwayoyi ne masu tauri, ba iska ba. Tana rage haske ne gaba ɗaya, shi ya sa rana ke zama farin faifai a ranar hazo. Ba ta yin siririn layi, ba ta kuma share wanda ke nan. Da ta share na ruwa da ta share na oksijin da ke kusa da shi.

Butar shayi

Akwai gwaji ɗaya da bai ba da komai ba, kuma na ce a bar shi a rahoton. Ɗalibar ta so ta ga inuwar da idonta a ɗaki, sai ta tafasa ruwa a buta ta haska ƙwan fitila ta cikin tururin. Babu abin da ya fito. Ta dawo jiki a sanyaye tana cewa bayanin ya rushe.

Lissafi ya nuna bai rushe ba. Santimita huɗu na ruwa a sama, a hanya mai ninki biyu, giram 8 ke nan a kan kowace murabba'in santimita. Tururi zalla a digiri 100 nauyinsa kusan giram 0.0006 ne a kowane ɗan akwati mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. Kafin haske ya haɗu da giram 8 sai ya ratsa fiye da mita 130 na tururi zalla. Bakin buta bai wuce santimita goma ba, ya gaza da fiye da ninki dubu. Kuma farin hayaƙin da ake gani yana fita ba tururi ba ne, tururin da ya riga ya huce ya koma ɗigon ruwa ne. Tururi na gaskiya ba a ganinsa. Jules Janssen da ya tabbatar da wannan a birnin Faris a 1866 sai da ya cika bututun ƙarfe mai tsawon mita 37 da matsattsen tururi kafin layukan su fito masa.

Manya ma sun faɗa

Dalilin da ya sa na ga wannan ƙaramin aiki ya cancanci a rubuta shi shi ne, ramin da ɗalibar ta tsallake ya ci manyan masana. Janssen ɗin nan da kansa ya hau dutsen Etna a 1867, ya kalli duniyar Mars, ya ce ya ga tururin ruwa a iskarta. William Huggins a Ingila ya goyi bayan haka. Magana ta zauna kusan shekara talatin, ana gina labarin rayuwa a Mars a kanta. A 1894 William Campbell na cibiyar Lick a Kalifoniya ya yi abin da ɗalibarmu ta yi da layin oksijin, wato ya nemi ma'auni. Wata ba shi da iska, don haka duk layin ruwa da ya fito a haskensa namu ne. Ya kalli Mars da wata a tsayi ɗaya a sama, ya ga ba bambanci. A 1909 ya hau dutsen Whitney mai tsawon kusan mita 4,400 don ya bar yawancin tururi a ƙasansa, ya sake samun amsa ɗaya. Akwai ruwa a iskar Mars, amma sai a 1963 aka kama shi da gaske, lokacin da Hyron Spinrad da Guido Münch da Lewis Kaplan suka jira Mars tana gudu da sauri game da duniyarmu, layukanta suka gusa daga ƙarƙashin namu. Abin da suka auna kusan mikiromita 14 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu biyu na abin da ke kan Sakkwato a Agusta. Na'urorin 1867 ba su da hanyar ganin wannan.

Wani lamarin ma ya fi ban dariya. Daga 1962 masana a cibiyar Haute-Provence ta Faransa suka ga layukan fotasiyam masu haske sun bayyana kwatsam a bakan taurari uku, aka fara maganar sabon nau'in taurari. A 1967 wasu masana a Kalifoniya, da Spinrad a cikinsu, suka nuna cewa ƙyasta ashana kusa da na'urar yana ba da waɗannan layukan daidai.

Har yau wannan ce babbar wahalar masu neman ruwa a iskar duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Shi ya sa ake kai manyan madubai na hangen nesa hamadar Atakama a Chile da kan dutsen Mauna Kea a Hawai, inda iska ta bushe, shi ya sa kuma aka harba madubin James Webb a Disambar 2021 ya fita daga cikin iskar baki ɗaya. Waɗanda ke ƙasa sukan kalli wani tauraro mai zafi wanda ba shi da layuka da yawa, a tsayi ɗaya kuma a dare ɗaya, su cire abin da ya nuna daga bakan wanda suke nazari.

Abin da aka karɓa da abin da aka soke

An karɓi bayanin cewa inuwar ta tururin ruwan iskar Sakkwato ce, bisa hujja uku: ba ta fito a hasken ƙwan fitila ba, tana bin tsawon igiya, kuma ta sauya tsakanin watanni alhali oksijin bai sauya ba. An gyara wata jumla da ta ce babu ruwa a rana sam, domin a 1995 an gano layukan tururin ruwa a cikin ɗigon baƙin rana, inda zafi ya sauka zuwa wajen digiri 3,000. A zangon da ido ba ya gani aka same su, kuma ba su da alaƙa da inuwar da ake magana.

An soke jadawalin da ɗalibar ta juya duhun inuwar zuwa santimitar ruwa. Hoton waya matsattse ne, hasken da yake nunawa ba ya tafiya daidai da hasken da ya shiga, kuma ba ta da wani ma'aunin tururi na daban da za ta gwada da shi. Abin da hotunanta za su iya ɗauka shi ne wannan ta fi wannan duhu, ba adadi ba.

Babin da aka fi jayayya a kansa shi ne na ƙarshe, inda ta ba da shawarar a raba wa manoma na'urar su riƙa hasashen ruwa. Ba ita ta fara wannan tunani ba. Charles Piazzi Smyth, babban masanin taurari na Sikotilan, ya yaɗa shi a shekarun 1870, har aka riƙa sayar da 'yan ƙananan na'urori na aljihu a Ingila don duba wannan inuwar, sannan aka watsar da su. Laima a sama sharaɗi ce ta ruwa, ba ita ce ruwan ba. A nan iskar kudu takan iso da laimarta tun a bazara, a yi makonni ana gumi hadari na haɗuwa yana watsewa kafin ruwan shuka ya sauka. A Agusta kuwa inuwar tana nan kullum, ranar da za a yi ruwa da ranar da ba za a yi ba, don haka ba ta gaya wa manomin Wamakko ko na Goronyo abin da bai sani ba.

Malaminta ya so a cire babin gaba ɗaya. Ni na ce a mayar da shi tambaya, domin akwai abu ɗaya da na'urar za ta iya yi da kyau: ta nuna makon da busasshiyar iska ta ja baya mai laima ta shigo, da makon da ta fita bayan kaka. Wannan yana bukatar ɗauka a kai a kai daga Maris zuwa Yuni da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, kullum a lokacin da igiya ta yi sanda biyu, da waya ɗaya da aka hana sabunta kanta, da layin 628 a kowane hoto, a kuma haɗa da bayanan laima na tashar yanayi da ke filin jirgin sama na Sakkwato. Ɗalibar ba ta da hoto ko ɗaya na waɗannan watanni. Aka amince babin ya tsaya a matsayin aikin da ya rage, aka bar kwalin a ɗakin gwaji don 'yan ajin da ke biye.